Injin gudu ko ƙarafan ɗagawa da sikelin kicin, idan nauyi ya ƙi sauka

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tsakanin injin gudu da ƙarafan ɗagawa da kika tambaya, ki sayi ƙarafan, ki haɗa da ƙaramin sikelin kicin, ragowar kuɗin ki sa a cefanen ƙwai da wake da kifi. Duka ina da su a gida.

Tsayawar nauyin da kika gani, da kilon da ya fara dawowa duk da kina kiyaye abinci kina kuma tattaki, ba lalaci ba ne, kada ki bari kowa ya ce miki haka. Jikin da ya ragu ba ya ƙona abinci kamar da, sannan yana ƙara yin tsimi don ya kare abin da ya rage masa. Kevin Hall da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta NIH da ke Amurka sun bi mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin. A rahotonsu na 2016, shekara 6 bayan gasar, yawancinsu sun mayar da kaso mai yawa na nauyin, kuma jikinsu yana ƙona kusan kalori 500 a rana ƙasa da abin da ya dace da girmansu. Wani binciken da aka yi a Melbourne ta Ostireliya a 2011 ya nuna sinadaran da ke tayar da yunwa suna nan a sama har bayan shekara guda da ramewa. Ke nan jiki ya rage ƙonawa, yunwa ta ƙaru, hannu kuma yana ƙara loma ba tare da mutum ya sani ba.

Nan ne sikelin ya yi mini rana. Lokacin da nawa nauyin ya kafe, na ɗora tukunya a kansa na zuba man gyaɗa yadda na saba zubawa in zan soya kayan miya. Abin da idona ke kira ɗan kaɗan ya haura cokali biyar. Kowane babban cokali na mai, ko na gyaɗa ko manja ko zaitun, kusan kalori 120 ne. Daga nan na bi sauran: awarar yamma da ke shan mai, wainar safe, sukarin zoɓo da na kunun gyaɗa, madarar shayi, ɗan ragowar tuwon yara da ake cewa kada a zubar. Tuwona na dare da nake ta ragewa har ina kwana da yunwa ashe shi ne mafi ƙarancin laifi. Kuma wannan halin kowa ne. A 1992 an auna wasu mutane a New York da ke cewa suna cin kaɗan amma ba sa ramewa, aka tarar sun rage kusan rabi wajen lissafin abin da suke ci, ba da gangan ba. Ba sai kin dawwama kina awo ba. Ki yi na ɗan lokaci har idonki ya san ainihin girman ludayin shinkafa da cokalin mai, sai ki riƙa komawa jefi-jefi.

Ƙarafan kuwa ina ƙaunarsu. Na fara da masu kilo 3 a tsakar ɗaki bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi: tsugunno da miƙewa riƙe da su, ɗagawa sama da kai, sunkuyawa a jawo su zuwa ƙugu. Da farko sikelin auna jiki ko motsi bai yi ba. Tela ce ta fara lura, ta sa tef a ƙuguna, ta duba littafinta, ta sake aunawa, ta ce siket ɗin sai an rage. Bayan haka na ga ina tashi daga sujada ba na dafa gwiwa, ina ɗaukar jarkar ruwa ba sai na kira yaro ba. Daga baya nauyin ya ci gaba da sauka a hankali, kuma bai yi irin dawowar da ya saba ba.

Gaskiya dai, tsoka ba ta ƙona wani abu mai yawa tana zaune; kilo ɗaya bai wuce kalori 13 a rana ba. Amfanin ƙarfen shi ne, duk mai ramewa ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke tafiya yana iya zama tsoka da makamantanta. Ɗaga nauyi da cin abinci mai gina jiki su ke riƙe ta. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, bayan minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, ta ƙara da kwana 2 ko fiye na aikin ƙarfafa tsoka. Tattakin kina yin sa, wannan ɓangaren ne babu a tsarinki.

Injin gudu yana aiki in akwai wuta, kuma yana da amfani ga wadda ba ta da halin fita. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Rabin awa na tafiya da sauri a kansa bai cika wuce kalori 200 ba, kwalbar lemo ɗaya mai santilita 50 ta mayar da shi. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa, ga cin wuri, ga kuɗin gyara, duk don abin da ƙafarki ke ba ki kyauta.

Ba ki tambaya ba, amma tunda kin faɗi a fili cewa nauyinki ya tsaya, masu talla za su cika miki waya. Don Allah ki rufe kunnenki. Shayin rage tumbin da ake cewa yana zubar da kilo 10 a mako biyu, da yawansa filasko ne da maganin sa fitsari. Gudawa ce da zubar ruwa, kina sha kina ci nauyin ya dawo. An sha kama irin waɗannan kayan a ƙasashe daban-daban da sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Lambar NAFDAC a jikin kwali ma ana buga ta bogi, sai kin duba ta a Greenbook, wato kundin intanet na kayan da hukumar ta yi wa rajista. Masu sayar da Ozempic, allurar ciwon suga da ake amfani da ita don rage ƙiba, ta WhatsApp sun fi ba ni tsoro, domin a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta da aka gano a Brazil da Birtaniya da Amurka. Ko ta gaskiyar ce, a binciken semaglutide, sinadarin da ke cikinta, waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin a shekara guda. Wannan maganar likita ce. Ƙarafan ma ki ɗora su a sikeli a gaban mai shago, don akwai na roba da aka cika da siminti, abin da aka rubuta daban, nauyin daban.

Kafin ki fara, a auna miki hawan jini da suga. Ki gaya wa likita in al'adarki tana rikicewa ko kina yawan kasala, a duba tayirod (ƙullin wuya mai daidaita ƙona abinci) da PCOS (matsalar sinadaran jiki da ke shafar ƙwan mace), ki kuma faɗi in kina allurar tazarar haihuwa ta wata uku ko kina shan prednisolone, don suna iya ƙara nauyi. Kada ki daina ko ɗaya da kanki. Ki nemi ƙarafan da ake ƙara wa faifai, saboda masu kilo 3 za su yi miki sauƙi nan ba da daɗewa ba, kuma ki riƙa auna ƙugu da tef sau ɗaya a mako tare da hawa sikeli.