Firintar gida da ba ta bushewa: sharhina kan Brother HL-L2350DW

Yawancin gidaje ba sa buga takarda kullum. Yau fom ɗin makaranta, sai a yi makonni ba a waiwayi na'urar ba, can kuma a tashi da gaggawa ana neman takardar neman aiki ko tikitin jirgi. Don haka tambayar da nake yi wa kowace firinta ita ce: in na bar ta wata guda a kashe, za ta fitar min da takarda tsaf ranar da na kunna ta? Brother HL-L2350DW, firinta mai leza da nake amfani da ita, ta ci wannan jarrabawa, kuma wannan kaɗai ya ishe ni in yaba mata.

Kafin ita, mai feshin tawada nake da ita, irin masu arhar nan da ke haɗe da sikana. Ranar saye ka yi murna, amma araha ba ta ado. Tawadarta ruwa ce, tana fita ta wasu ramuka da suka fi silin gashi siranta, kuma in na'urar ta daɗe a ajiye sai tawadar ta bushe a bakin ramukan. Shafi ya fito da fararen layuka a tsakiyar rubutu. Maganin da na'urar ta sani shi ne ta wanke kanta, kuma da tawadar da ka saya take wankin. Na sha ganin katirij, wato mazubin tawadar, ya yi ƙasa sosai alhali abin da na buga bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ta ƙi buga baƙin rubutu saboda wai kala ɗaya ta ƙare.

Mai leza ba ta da wannan ciwon, saboda babu ruwa a cikinta ko kaɗan. Tonarta gari ce mai laushi, yawancinta roba. Hasken leza yana zana shafin a jikin wani bututu mai juyawa da ake kira dirom, garin ya manne a wuraren da aka zana, ya koma kan takarda, sannan takardar ta bi ta tsakanin wasu na'urori masu zafi da ke narkar da garin ya kama ta. Shi ya sa shafi ke fitowa da ɗumi, kuma ko ruwa ya ɗiga a kai rubutun ba ya caɓewa. Gari ba ya bushewa tunda dama busasshe ne. Fasahar ma ba sabuwa ba ce, tun 1984 HP ta fitar da LaserJet ta kan tebur, an daɗe ana gyara ta har ta zauna da gindinta.

Ita wannan tawa baƙi da fari kawai take bugawa. Aljihunta na ɗaukar takarda 250, kuma a rufe yake, ƙura ba ta sauka a kan takardun. Tana buga gaba da baya da kanta: takarda ta leƙo, ta koma ciki, ta fito an cike bayanta. Ban ɗauka zan damu da wannan ba, sai ga shi ya rage min cin takarda kusan rabi idan yara suka kawo dogon karatu. Kamfanin ya ce tana kai shafi 30 na A4 a minti. A gida wannan adadi ba shi da wani tasiri, abin da ka fi ji a jikinka shi ne 'yan daƙiƙun da take yi kafin shafin farko ya fito, kuma ba su da yawa. Rubutu yana fitowa garau, har ƙananan haruffan ƙasan fom suna karantuwa.

Wajen kuɗi kuwa, kada farashin na'urar ya ruɗe ka. Ka ɗauki kuɗin tona ka raba da yawan shafin da aka rubuta a kwalinta, abin da ya fito shi ne ainihin abin da kowane shafi ke ci maka. Wannan firinta tana da tona iri biyu, ƙarama mai shafi 1,200 da babba mai 3,000, kuma babbar ta fi sauƙi idan aka yi wannan lissafi. Wadda ke zuwa a cikin kwali ta somin-taɓi ce, wajen shafi 700, haka kuma kusan duk kamfanoni ke yi. Waɗannan alƙaluma da shafin gwaji mai ɗan rubutu ake auna su, wanda baƙinsa bai wuce kusan kashi 5 cikin ɗari na takardar ba, don haka mai buga hotuna ko manyan baƙaƙen kanu ba zai kai adadin ba. Wani abin da nake so shi ne dirom daban, tona daban. Dirom ɗin yana kai wajen shafi 12,000, wanda a gida shekaru ne masu yawa, ba sai ka jefar da shi duk lokacin da tona ta ƙare ba.

Akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya biya. Babu sikana, ba ta fotokwafi. Wanda yake yawan kwafin katin shaida ya duba 'yan uwanta na jerin DCP, masu gilashi a sama. Ni dai kyamarar waya tana biya min wannan buƙata. Allonta layi ɗaya ne, da maɓallan sama da ƙasa ake shigar da kalmar sirrin Wi-Fi harafi bayan harafi, sai dai sau ɗaya ake yi, kuma wanda rautarsa (na'urar da ke raba Wi-Fi) ke da maɓallin WPS, mai haɗawa ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ya huta da wannan. Wi-Fi na zangon 2.4 GHz take kamawa. Da zarar ta hau, ana bugawa kai tsaye daga iPhone ta AirPrint, ko daga Android ta manhajar kamfanin, kuma kebul na USB yana nan ga mai son hanya mafi sauƙi.

Sai batun wuta, wanda masu sayarwa ba kasafai suke ambata ba. Narkar da tona yana buƙatar zafi, don haka mai leza tana jan sama da wat 400 lokacin bugu, kuma tana fizgar fiye da haka a daidai lokacin da take ɗumama kanta. Mai feshin tawada ba ta cin ko kashi ɗaya cikin goma na wannan. Duk wanda gidansa ke kan ƙaramar inbata ko sola ya auna ƙarfin abin da yake da shi tukuna, kuma kada a jona ta da ƙaramin UPS na kwamfuta.

Ba kowa zan ce ya saye ta ba. Gidan da ake buga hotuna ko aikin makaranta mai kala kowane mako ya fi dacewa da mai tankin tawada, irin su Epson EcoTank, Canon MegaTank ko HP Smart Tank. Da kwalba ake cika su, kwalba ɗaya tana yin dubban shafuka. Amma har yanzu ruwa ne a ciki, suna son a riƙa motsa su a kai a kai. In kala sau biyu ko uku kake nema a shekara, ka kai shagon buga takardu, ya fi maka arha nesa ba kusa ba.

Kowace iri ka zaɓa, ka bincika ko tana karɓar tona ko tawadar wani kamfani, domin wasu masu ƙera firinta suna sa ɗan cif a jikin katirij, su kuma toshe na waje ta hanyar sabunta manhaja. Ka kuma duba lambar tonar kafin ka biya. Wannan firinta ɗaya, babbar tonar wadda aka yi don kasuwar Amurka TN-760 ce, ta Turai kuma TN-2420, kuma ba a musanya su. Ka tabbata lambar da taka ke buƙata ana samun ta a inda kake.