Kafin ka kunna rubuta komai a rumbun bayananka

'Yan uwa masu riƙe da kwamfutocin kamfanonin Umara da otal-otal a Makka da Jidda, in mai gida ya ce yana so a riƙa rubuta duk wata tambaya da ta shiga rumbun bayanai, wato kowane umarnin da manhaja ke aika wa rumbun, dakata tukuna kafin ka ce a ware riyal a sayo babbar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da rumbun. Hanyoyin rubutawar suna da yawa, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Hanyar da ta fi cin ƙarfin inji ita ce rubuta komai, wato general_log a MySQL ko log_statement = all a PostgreSQL (MySQL da PostgreSQL manhajojin rumbun bayanai ne). Kowace tambaya, har 'yar SELECT (tambayar karanta bayani kawai) da ba ta kai ta kawo ba, sai an rubuta ta a faifai, kuma duk ƙofa ɗaya suke bi zuwa fayil ɗin, to a watan Safar ƙila ba za ka ji komai ba, amma goman ƙarshe na azumi da masu neman ɗaki ke tururuwa nan ne za ka ga shafi na ta juyi, faifan na cika, in kuma ya cika rumbun kansa sai ya tsaya cak. A MySQL in ka sa log_output = TABLE maimakon FILE, wato a rubuta a cikin rumbun kansa maimakon fayil, nauyin ƙaruwa yake. Abin da ya fi damuna ma, lambobin fasfo da na wayar alhazai suna zube a fayil ɗin, duk wanda ya buɗe ya karanta, wannan fa amana ce.

In matsalarka jinkiri ne, slow query log ya wadatar, tambayoyi masu jinkiri kaɗai yake kamawa. Sai dai long_query_time, wato lokacin da tambaya za ta wuce kafin MySQL ya rubuta ta, a daƙiƙa 10 yake zuwa, ya yi yawa, mai da shi 1 ko 0.5. A PostgreSQL log_min_duration_statement ne, kuma tun siga ta 13 a 2020 ana iya ɗaukar samfuri kawai, wato a rubuta wasu daga cikinsu.

Ni dai zaɓina pg_stat_statements na PostgreSQL ne, ko Performance Schema ga masu MySQL: yana haɗa tambayoyi masu kama da juna ya nuna maka wacce ta fi cin lokaci, lambobin mutane kuma ya musanya su da alama. Na PostgreSQL ɗin sai an sake tayar da rumbun kafin ya fara aiki, don haka ka sa shi tun kafin Rajab.

In kuma masu binciken asusu ne suka wajabta rubutawa, sa pgAudit, wani ƙari na PostgreSQL, ya riƙa rubuta canje-canje kaɗai, ka saya wa fayil ɗin log faifan SSD mai sauri nasa daban, ka saita share tsofaffin fayiloli.