Faffaɗan hoto ko mai cika allo: wanne ya fi dacewa da kallon fim a gida?

Assalamu alaikum. Ɗan uwa, ka ce ka ci karo da fim guda a faifai iri biyu, ɗaya hotonsa mai faɗi ne da baƙin ziri a sama da ƙasa, ɗayan kuwa an rubuta a jikinsa cewa yana cika allo, kuma kana son sanin wanda ya fi, domin a ganinka baƙin zirin nan alama ce ta an rage maka wani abu. Mutane da yawa sun yi irin wannan zato, amma a mafi yawan lokuta wanda ya cika allon shi ne aka yanke, mai zirin kuwa shi ne cikakke.

Tushen maganar shi ne ma'aunin faɗin hoto da tsayinsa. Finafinan farko da tsofaffin akwatunan talabijin duk suna kan ma'aunin 4:3, wato idan faɗin ya kai kamu huɗu, tsayin kamu uku ne, abin da ake rubutawa 1.33:1. A shekarar 1932 masana'antar fim ta Amurka ta tsayar da 1.37:1, wanda kusan ɗaya yake da na farkon, saboda haka kusan duk fim ɗin da aka yi a wancan zamani yana zama daram a tsohuwar talabijin. Da talabijin ta shiga gidaje a farkon shekarun 1950, ta fara janye mutane daga gidajen sinima, sai kamfanonin fim suka nemi abin da akwatin gida ba zai iya bayarwa ba, suka kuwa same shi a faɗi. Kamfanin 20th Century Fox ya fito da tsarin faffaɗan hoto mai suna CinemaScope a 1953, daga nan sauran suka bi, har aka wayi gari ma'auni biyu suka fi yawa a sinima: 1.85:1, da kuma mafi faɗi wanda a yau yake 2.39:1. Ke nan tun asali an faɗaɗa hoton ne da gangan don ya fi ƙarfin talabijin, sai daga baya aka dawo ana neman yadda za a cusa shi a cikinta.

Hanya biyu aka bi. Ta farko ita ce a ƙanƙanta hoton har faɗinsa duka ya shiga allon, a bar wurin da ya rage a sama da ƙasa baƙi. Ta biyu ita ce a daidaita tsayin hoton da tsayin allon, a datse abin da ya yi saura a dama da hagu. Wannan ta biyun ce ake kira mai cika allo.

Idan aka auna su ta fuskar abin da mai kallo yake samu daga fim ɗin, tazarar tana da yawa. Fim mai ma'aunin 1.85:1 yana rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na hotonsa idan aka datse shi zuwa 4:3, mai 2.39:1 kuwa yana rasa kusan kashi 44 cikin ɗari. Fim ɗin Ben-Hur na 1959, wanda aka ɗauka a kan 2.76:1, fiye da rabinsa ne ke tafiya. Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda ake zaɓen abin da za a bari. Wani ma'aikaci ne ke zama ya bi fim ɗin fitowa bayan fitowa, yana matsar da wata 'yar taga zuwa inda yake ganin ya fi muhimmanci. Idan darakta ya ajiye mutum biyu suna magana, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, domin mai kallo ya ga nisan da ke tsakaninsu da yadda fuskar mai sauraro take sauyawa, tagar ba za ta ɗauke su tare ba. Dole ko dai a riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan, ko a ja tagar a hankali kamar kyamara ce ke motsi alhali ba ta motsa ba, ko a tsaya a tsakiya a bar ka da rabin fuska a kowane gefe. Duk wanda aka zaɓa, an shigar da yanka da motsin da masu fim ɗin ba su yi ba, kuma mai kallo ba shi da hanyar sanin abin da aka ɓoye masa. A faffaɗan hoto babu wannan matsala ko kaɗan, domin baƙin zirin bai rufe komai ba. Wuri ne kawai da hoton bai kai ba.

Ta fuskar girma kuwa, dole a yi wa mai cika allo adalci, domin waɗanda suka fi son sa suna da hujja. A tsohuwar talabijin mai inci 21, tsayin allon bai wuce inci 13 ba, kuma idan aka sa fim mai 2.39:1 da cikakken faɗinsa, tsayin hoton yana komawa kamar inci 7. Ka haɗa wannan da raunin hoton kaset ɗin bidiyo, ka kuma tuna cewa iyali sukan zauna nesa da akwatin, za ka ga dalilin da ya sa fuskokin 'yan wasa suke zama ƙanana har a kasa karanta abin da ke cikinsu. Mai raunin gani, ko wanda abin da ya dame shi shi ne ya bi labari ya ga fuska sosai, ba laifi ba ne idan ya zaɓi wanda ya cika masa allo a irin wannan akwati. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai kuma wani nau'in mai cika allo da ba datse gefe aka yi ba. Wasu finafinan ana ɗaukar su da tsayin da ya wuce wanda za a nuna, sai a rufe sama da ƙasa a gidan sinima. Idan an zo fitar da su don kallon gida, sai a buɗe wurin da aka rufe. A nan mai kallo yana ganin ƙari ne a sama da ƙasa, kuma wasu daga cikin finafinan ƙarshe na darakta Stanley Kubrick sun daɗe suna fitowa a kaset da faifai a wannan siffa. Sai dai ƙarin ba kullum yake zama alheri ba, domin wani lokaci yakan tona abin da ba a so a gani, kamar makirufo yana leƙowa ta sama, ko fili mai yawa a kan kawunan mutane wanda ke raunana tsarin hoton.

Duk wannan muhawara ta zamanin akwatin 4:3 ce, kuma a nan ne nake so ka lura sosai, domin talabijin ɗin da ake sayarwa yanzu ta juya lissafin. Ma'auninta 16:9 ne, wato 1.78:1, wanda injiniya Kerns Powers ya ba da shawararsa a 1984 a matsayin tsaka-tsaki tsakanin tsohon 4:3 da mafi faɗin na sinima. A irin wannan allo, fim mai 1.85:1 kusan cika shi yake yi, zirin da ke saura siriri ne ƙwarai. Mai 2.39:1 yana cin kusan kashi uku cikin huɗu na tsayin allon, wanda a talabijin mai inci 55 ya kai kimanin inci 20, girman da ya wadatar. Shi kuwa faifan da aka rubuta wa mai cika allo, ba zai cika wannan allon ba: zai tsaya a tsakiya da baƙin ziri a dama da hagu, daidai wuraren da aka datse masa. Ka ga an yi asara biyu, ga hoton da aka yanke, ga zirin da aka guje wa ya dawo ta wata hanya.

Daga nan ne mutane kan ɗauki rimot su gyara da kansu, sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Maɓallin da ke miƙa hoton 4:3 ya cika allon 16:9 yana ƙara masa faɗi da kashi ɗaya cikin uku, fuskoki su baje, abu mai da'ira ya koma kamar ƙwai. Maɓallin da ke zuƙo hoton kuma yana yanke kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa, kuma sau da yawa yakan tafi da rubutun fassara da ke ƙasa. Idan fim ɗin dama an riga an datse shi daga 2.39:1, sannan aka sake zuƙo shi, abin da ya rage bai kai rabin asalinsa ba.

Kada kuma a ɗauka cewa faɗi shi ne daidai a kowane hali. Kusan duk finafinan da aka yi kafin 1953, da shirye-shiryen talabijin na shekaru masu yawa bayan haka, asalinsu 4:3 ne ko kusa da shi, saboda haka zirin gefe a kansu shi ne daidai. Idan aka datse musu sama da ƙasa don su cika sabon allo, kamar yadda ake yi wa wasu idan za a sake fitar da su, laifin da aka yi wa faffaɗan fim a da shi ne aka maimaita a kansu.

Saboda haka shawarata gare ka, ɗan uwa, ita ce ka ɗauki faffaɗan, matuƙar fim ɗin na sinima ne da aka yi bayan tsakiyar shekarun 1950, musamman idan talabijin ɗinka ta zamani ce. Idan faifan DVD ne, ka duba bayan kwalinsa ko an rubuta cewa an shirya shi don allon 16:9, domin wasu faya-fayan farko an haɗa zirin ne a cikin hoton 4:3, sai su fito a sabuwar talabijin da baƙi ta kowane gefe huɗu, hoton kuma ba shi da kaifi. Ka saita na'urar faifan ita ma a kan 16:9, ka bar talabijin ɗin a kan zaɓin da ke nuna hoto a ma'auninsa na asali. Idan har zirin yana ɗauke maka hankali, ka rage hasken ɗakin, ka ɗan matso da kujera kusa. A cikin duhu baƙin yakan saje da bakin allon, bayan 'yan mintuna kaɗan ido ya daina lura da shi.