Ku Yi Hattara da Mai Sayar da Man Rola da Wai Ruwa Ba Ya Warware Shi

'Yan uwa mata masu gashin asali, musamman waɗanda suka daina shafa rilaksa suka koma renon gashinsu, don Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa kuɗi. Akwai wata mai talla a kafafen sada zumunta da ke sayar da wani mai a farar kwalba marar suna, tana cewa man saita gashi ne na rola da aka haɗa da zallar ganyayyaki. Alƙawarinta shi ne idan kin shafa, kin ɗaura rola, kin busar, kin naɗe gashin a kai, zai kwanta luf har wata uku, ko kin wanke ko ruwan sama ya taɓa ki. Ni na saya, kuma yau rabin gashin ƙeyata babu shi.

Shekara huɗu na yi ina renon gashina, ko sau ɗaya ban bari sinadarin miƙar da gashi ya taɓa shi ba. Idan ina son ya kwanta, rola nake yi: in wanke, in raba shi ƙanana yana jiƙe, in ɗaura, in zauna ƙarƙashin draya har ya bushe ƙarau, in cire, in taje shi zagaye da kai, in ɗaure da ɗankwalin siliki. Yakan kai mini mako guda idan na kiyaye zufa da tururi. Iyakar rola ke nan, domin abin da take yi kaɗan ne: ruwa yana sassauta wasu raunanan ɗauri da ke cikin silin gashi, idan ya bushe a kan rola sai su sake ɗauruwa a sabon fasali. Da zarar danshi ya dawo, murɗin gashi ya dawo. Man da zai sa gashi ya ƙi komawa bayan wanki dole ya sauya ginin silin gashin kansa, kuma wannan aikin sinadarai ne masu ƙarfi irin su rilaksa. Na san haka, amma bidiyoyinta suka ɗauke mini hankali.

Ban fi minti ashirin ƙarƙashin draya ba na fara jin raɗaɗi a fatar kai. Na aika mata saƙo, ta ce "Hajiya, ki daure, aiki yake yi." Na daure. Washegari na tashi da ɓawon ƙuna a ƙeya da gefen kunnuwa. Da na wanke kai bayan kwana biyar, gashin ya ƙi murɗewa, ya yi laƙwas, idan na ja sili sai ya miƙe kamar roba ya tsinke. Mataji kuwa cika yake yi.

Mai gyaran gashin da na kai wa kwalbar ta tsoma takardar gwajin pH, wato ma'aunin kaifin sinadari, a ciki, launin ya nuna sama da 11. Gashi da fatar kai suna tsakanin 4.5 zuwa 5.5 ne, rilaksa mai ƙarfi kuma tana kaiwa 12 zuwa 14. Ke nan abin da aka sayar mini rilaksa ce aka tsinka aka zuba mata ƙamshi. Ku duba girman muguntar: rilaksa ta gaskiya mintuna kaɗan ake barinta, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a bi da shamfu mai kashe kaifinta. Wannan kuwa cewa aka yi a bar shi a kai, a ƙara masa zafi.

Ba yau aka fara ɓoye sinadari a bayan kyakkyawan suna ba. A 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi masu yin wani man kwantar da gashi mai suna Brazilian Blowout saboda sun rubuta babu sinadarin fomaldihaid mai cutarwa a cikinsa, alhali yana fitar da shi idan aka gasa da zafi. Wancan ma kamfani ne mai suna da adireshi, ana iya kama shi. Mai farar kwalba fa?

Da na koma shafinta na rubuta abin da ya same ni, ba a yi awa ɗaya ba ta goge, ta toshe ni. Wata ƙawata ta duba mini bayan sati biyu, ta tarar ta sauya suna da hoto, amma bidiyoyin su ne dai, kuma biyu daga ciki na wata mai gyaran gashi ne aka yanke tambarinta. Alamominta ba su sauya ba: kwalba babu jerin abin da ke ciki, babu ranar lalacewa, sai an biya kafin a aiko, kullum wai saura guda biyar, kuma idan kin tambayi sinadaran sai ta ce sirrin sana'a ne.

Idan kin riga kin shafa kuma kina jin zafi, kada ki jira ya bushe. Cire rolar, ki sakar wa kai ruwa mai yawa na tsawon lokaci, kada ki sosa, kada ki ƙara masa zafi. Idan fata ta yi ƙuna ko tana ruwa, ko ya shiga ido, ki je asibiti da kwalbar a hannu. Ki adana saƙonninku da shaidar biyan kuɗi, ki kai ƙarar shafin, ki kuma sanar da bankinki da wuri. Tawa kwalbar tana nan na ajiye. Gashin da man ya taɓa kuwa ba zai sake murɗewa ba, kaɗan-kaɗan nake rage shi da almakashi ina jiran sabon tofo.