Cire maimaicin da ke jere a Python: wace hanya ta fi?

Na'urar da ke cikin motocin alhazai tana aiko mana da inda mota take kowane minti. Idan ka buɗe jerin sai ka ga Mina, Mina, Mina, Arfa, Arfa, Muzdalifa, Mina, Mina. Abin da ake so ya rage shi ne Mina, Arfa, Muzdalifa, Mina.

Wani ƙanena da muke aiki tare a nan Makka ya fara gwada set, wani mazubin bayanai na Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta. Nan take dawowar alhazai Mina ranar 10 ga Zulhajji ta ɓace, domin set ba ya barin abu ya fito sau biyu ko da akwai tazara tsakaninsu, kuma ba ya kula da tsarin jerin. Shi ma dict.fromkeys, duk da cewa yana riƙe tsari tun Python 3.7, haka zai haɗiye Minar ta biyu. Waɗannan biyun ba na wannan aikin ba ne.

Ni abin da nake ba kowa shawara shi ne groupby na cikin itertools. Yana zuwa tare da Python, ba sai ka sauke komai ba. Yana tara abubuwa masu kama da juna da ke maƙwabtaka, kai kuma ka ɗauki ɗaya daga kowane rukuni: [k for k, _ in groupby(jeri)]. Ɗaya bayan ɗaya yake karantawa, don haka ko fayil ɗin na dukan kwanakin Hajji ne ba zai cika ma'adanar kwamfuta ba. Kada dai ka tsara jerin da sorted kafin ka ba shi, in ka yi haka ka koma matsalar set.

Idan kana da more-itertools, wani ƙarin kunshin kayan aiki da ake saukewa daban, unique_justseen yana yin wannan aikin da suna mai sauƙin ganewa. Ka kula, unique_everseen daban ne, shi yana cire duk maimaici ko da akwai tazara.

Pandas kuwa, kunshin Python na sarrafa tebur, ya dace ne idan bayananka suna cikin tebur tun farko: s[s != s.shift()], wanda ke kwatanta kowane layi da na gabansa, yana da sauri. Amma a nan muka sha wuya. Duk inda sadarwa ta yanke a cunkoson Muzdalifa, gurbin yakan zo da NaN, wato alamar babu bayani, kuma NaN ba ya daidai da kansa, sai layukan wofi suka zauna mana goma-goma. Sai ka share su da dropna tukuna.