Hom-Tiyatar da Na Saya a Sabon Gari, da Dattijon da Ya Zo da Igiya

Wata uku ke nan da na sayi hom-tiyata a wani shago a Sabon Garin Kano, mai sifika biyar da wufa ɗaya (wato sifikar da ke fitar da kaurin sauti), irin wadda ake rubuta 5.1 a jikin kwalinta. Na so in yi wannan rubutu tun makon farko, amma na danne, don da na rubuta a lokacin da na yi wa shagon kaca-kaca. Yanzu da zuciya ta sauka zan iya faɗin abin da ya kamata a yaba da abin da ya kamata a tsawatar.

Kayan dai ba ni da ƙorafi a kansu. Amfilifaya ce mai ramin HDMI huɗu, da ƙananan sifikoki huɗu da ba su fi bulo ɗin sabulun wanki biyu ba, da ta tsakiya mai ɗan tsawo wadda ake kwantarwa, sai wufa mai girman katan ɗin taliya. Abin da ya sa na tsaya a shagon shi ne wata gaskiya da mai shi ya faɗa mini. Na nuna wani saiti mai araha da aka danƙara wa 5,000W da manyan baƙaƙe, sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wannan lambar ta kwalliya ce. Duk inda ka ga PMPO, wato lambar ƙarfi da ake kumburawa don talla, ka wuce, ka nemi inda aka rubuta RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a kai a kai." Ɗan kasuwar da ya hana ka sayen abin da ke kan kantarsa ya cancanci ka zauna. Ya kunna mini wanda na ɗauka, amma a tsakiyar kasuwa, janareto uku na kuka, ba abin da kunne zai tantance.

Cinikin ya haɗa da kawowa gida da haɗawa. Washegari yaron shagon ya iso a a-daidaita-sahu, yaro mai ladabi, hannunsa da sauri. Cikin minti 40 ya gama. Sifikar hagu da ta dama ya manna su jikin talabijin kamar kunnuwa. Ta tsakiya ya tura ta cikin kabet ɗin ƙasa, bayan gilashi, kusa da dikoda. Biyun baya ya huda bango ya rataye su can sama dab da silin, saitin kan kujera mai zaman uku. Wufa kuma ya cusa ta lungu bayan labule don kada ta tare hanya. Ya sa waƙa, ya ƙure murya, gilashin taga ya hau rawa, ya juyo yana murmushi: "Oga, ka ji duka!" Ni ma na ji duka. Na ba shi na ruwa, muka rabu da farin ciki.

Da dare na sa fim, a nan ido ya raina fata. In mutum biyu suna magana sai ka ce daga cikin randa suke yi, ba na kama rabin abin da suke faɗa. In na ƙara murya, da an harba bindiga ɗaya sai falon ya ɗauki gurnani har ƙaramar yarinyarmu ta farka. Haka na kwana da rimot a hannu, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Na bayan kuwa ba su kewaye ni da komai ba, suna dai zubo mini abin da na gaba ke faɗa daga saman kai. Uwargida ta leƙo ta tsaya ta saurara na ɗan lokaci, ta ce, "Yallaɓai, yanzu wannan ne abin da aka fasa canza mana labule saboda shi?" Ban amsa ba.

Bayan kwana biyar na koma shagon da niyyar mayar da kaya. Mai shagon bai yi gardama ba. Ya sa na kwatanta masa inda aka ajiye kowace sifika, ya riƙe baki, ya ce zai turo injiniyansu, amma kuɗin aikinsa daban, naira 20,000. Wannan ya ɓata mini rai, har yanzu ma yana ɓata mini, tunda an ce ciniki ya haɗa da haɗawa. Na yarda ne kawai don na gaji.

Ranar Asabar ya ce ƙarfe 10, bai iso ba sai bayan 12. Dattijo ne da furfura a gemu, ya ce ya daɗe yana haɗa sautin masallatai da ɗakunan biki. A jakarsa ba abin da na gani na burgewa: tef ɗin awo, igiya, salatif na takarda, da ƙaramin batir na rimot. Bai ko kalli amfilifayar ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Alhaji, a ina kake zama?" Na nuna masa tsakiyar kujera mai zaman uku. Ya zauna a wurin, ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ya ce in saurara. Tafin bai mutu nan take ba, ya bar wata ƙara siririya tana kai da komo tsakanin bango da bango. Falona irin na kowa ne a garin nan: tsawo mita 5.2, faɗi mita 3.8, ƙasa tayil, sama POP, kujeru a jere jikin bango, tsakiya fili. Ya ce a ɗauko kafet ɗin da muka naɗe tun zafin bara a shimfiɗa tsakanin kujera da talabijin, a saki labule. Ya sake tafawa. Ko ni na ji bambanci.

Daga nan sai igiya. Ya ba ni bakinta ɗaya na riƙe a kan hancina ina zaune, ya ja ta mita 3, ya ɗaure ƙulli. Ya yi ta zagayawa da ƙullin kamar mai shata gini, yana manna salatif a ƙasa. Bayaninsa shi ne, sifikar hagu da ta dama da kan mai kallo su zama kamar duwatsun murhu, tazarar kowane biyu daidai da ta sauran. In an yi haka, kowacce ta karkata digiri 30 daga tsakiyar allo, wanda shi ne ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta shimfiɗa a takardarta mai lamba BS.775, kuma masu haɗa sautin fim a kan irin wannan zama suke aiki. Ƙofar shiga ta hana mu cika mita 3 tsakaninsu, muka tsaya a 2.6. Ya ce ba laifi, daga digiri 22 zuwa 30 duk cikin gona ake. Ya ɗora su daidai tsayin kunnena ina zaune, wajen mita 1 daga ƙasa, ya ɗan juyo fuskarsu gare ni.

Ta tsakiya ya ciro ta daga kurkukun da aka sa ta. Ya ce kusan duk maganar da ake yi a fim ta nan take fitowa, shi ya sa na ji mutane a cikin randa: an kulle bakin fim ɗin a bayan gilashi. Ya ɗora ta kan kabet, ya jawo ta har bakinta ya zo daidai gefen katakon don kada sauti ya fara dukan saman kabet kafin ya iso, ya cusa ɗan guntun roba a ƙarƙashin gabanta ta ɗaga kai tana kallon fuskata.

Sai batun batir, wanda ya fi komai ba ni mamaki. Ya zare wayar sifikar hagu daga bayan amfilifaya, ya cire ragar gabanta, ya taɓa bakin wayoyin biyu a jikin batir ɗin mai bolt 1.5. Takardar sifikar ta yi tsalle waje. Ya yi wa ta dama haka, sai ta shige ciki. Ashe yaron ya juya jar waya da baƙa a ɗaya. Ɗaya na turo iska, ɗaya na ja, suna cinye wa juna kauri. Kwana biyar ina zargin kamfani, alhali waya biyu ce aka musanya.

Inda aka kai ruwa rana shi ne kujera. Ya ce in dai tana manne da bango, ba inda za a sa na baya su yi aikinsu, kuma jikin bango ne kaurin sauti ke taruwa, shi ne gurnanin da ke damuna. Ya nemi a jawo ta santimita 70. Uwargida da ke jin mu daga kicin ta fito ta gaishe shi, ta ce, "Baba, falon kuma a ina baƙi za su zauna? In an yi suna ko gaisuwa mata ashirin nake tarawa a nan." Ya ce, "Hajiya, ai ba ƙusa za mu buga mata ba." Aka yi ciniki kamar na kasuwar Kurmi, aka tsaya a 55. Ya manna salatif a tayil daidai ƙafafun kujerar huɗu.

Na bayan ya sauko da su daga sama. A nan na koyi cewa sunan da muke kiransu da shi ne ke ɓatar da mu. A saitin 5.1 ba a ƙeya ake sa su ba, a gefe ne, ɗan baya kaɗan da kafaɗa, wajen digiri 110 in ka ƙirga daga allo, kuma su fi kunne tsayi da kamar rabin mita don sautin ya bazu maimakon ya soki kunne ɗaya. Ta hagu ta samu bango, mita 2.7 daga inda nake. Ta dama taga ce a wurinta, dole aka ɗora ta kan sandar ƙarfe mai gindi, mita 1.9. Na ce to ai ba su yi daidai ba. Ya ce shi ya sa amfilifaya take da wurin shigar da nisa. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka ratar santimita 80 tana sa ta kusa ta riga iso da sama da kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa, kunne kuma wanda ya fara ji shi yake bi. In ka faɗa wa na'urar nisan kowacce, sai ta riƙe ta kusa ta jira 'yar'uwarta. Yaron bai taɓa buɗe wannan shafin ba. Duka biyar ɗin a kan lambar da suka zo da ita daga kwali suke.

Wufa ce ta sa yarana dariya har da faɗuwa. Ya ɗauko ta ya ɗora kan kujerata, daidai inda nake zama, ya sa kiɗa mai kauri yana maimaituwa, sannan dattijon nan ya durƙusa ya hau rarrafe a gefen bango yana kasa kunne. A lungun da take da, ya ce in zo in ji: wani sautin ya kumbura kamar zai fasa ƙirji, na kusa da shi ya ɓace. Ya ci gaba har ya tsaya a wani wuri jikin bangon talabijin, tsakanin kabet da sifikar hagu, inda kowane bugu ke fita da nauyi ɗaya. Nan ya ajiye ta. Hikimar ita ce, inda ka ji daidai in wufa na kujerarka, nan za ta ba ka daidai in ka koma kujerar. Ya saita amfilifaya ta riƙa tura duk abin da ke ƙasa da 120Hz zuwa wufa (Hz ma'aunin sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri). Ya ce 80 ake yawan faɗa, amma sifikoki ƙanana irin nawa ba sa iya sauka can, in an bar su a 80 rami zai rage a tsakiya.

Na ƙarshe ya gano cewa da wayar nan ja da fari aka haɗa talabijin da amfilifaya, wadda hanya biyu kawai take ɗauka. Wato duk kwanakin nan sitiriyo nake ji an watsa shi cikin sifika biyar. Ya mayar da shi ta ramin HDMI mai rubutun ARC, wanda ke kai sautin talabijin zuwa amfilifaya, ya shiga saitin talabijin ya cire shi daga PCM mai hanya biyu, sai ga Dolby Digital, tsarin da ke ba kowace sifika nata sautin, ya bayyana a fuskar amfilifaya. Ya kunna shuuu ɗin gwaji tana zagayawa sifika bayan sifika, ya daidaita su da manhajar auna ƙara a wayarsa, ya ƙara wa ta tsakiya desibel 2 saboda fanka.

Na mayar da fim ɗin da ya hana ni barci. Akwai wurin da ake ruwan sama, mutum biyu na raɗa a cikin mota. Na ji kowace kalma ban taɓa rimot ba, ruwan kuma yana sauka a gefena da bayana har babban ɗana ya waiga taga.

Ba komai ne ya gyaru ba. Daɗin nan na mutum uku ne da ke kan doguwar kujera, wanda ya zauna a mai zaman biyu ta gefen taga sifikar dama ce ke masa magana a kunne. Finafinan Hausa da wa'azin da muke kallo a YouTube hanya biyu suke zuwa, sai dai a sa saitin amfilifaya da ake kira Pro Logic II ya rarraba su zuwa sifika biyar, in karatun Alƙur'ani ne ma nakan mayar da shi sifika biyu don ya fi tsabta. Robar da ya ɓoye waya da ita fara ce a kan bango ruwan madara, guda ɗaya ta ɓalle da zafi ya tsananta, ya kuma tafi ya bar mana garin bango da ramuka biyun da yaron ya huda a sama. Shagon zan sake sayayya a wurinsu, amma duk wanda zai je ya ce tun a wajen ciniki injiniyan yake so, a sa kuɗinsa a ciki, kada a turo masa mai minti 40.

Kujerar kuwa ta koma bango sau huɗu zuwa yanzu, sau biyu don baƙi, sau biyu don shara. Ƙaramar ta ɓanɓare salatif uku cikin huɗu, don haka na rubuta 55 da biro a katakon bayan kujerar, tef ɗin awo kuma yana cikin durowar da rimot yake.