Fluke 62 MAX: shin yana gano abin da ke sa injin jirgin ruwa zafi?

Injin jirgin ruwa ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan da jirgin ke tafiya a kai shi ake zuƙowa ta ƙasa, ya bi ta matata, famfo mai robar impela (roba mai fikafikai da ke juyawa a cikin famfon) ya tura shi, ya kwashe zafi, ya fita ta salansa. A wasu injuna ruwan nan yana shiga cikin injin kai tsaye, a wasu kuma yana tsayawa ne a tukunyar musayar zafi ya sanyaya ruwan kulan, wato ruwan da ke zagayawa a cikin injin. Ko'ina a wannan hanya na iya toshewa, geji kuwa iyakarsa ya ce inji ya yi zafi, ba zai ce a ina ba. Nan ne amfanin ma'aunin zafi mai kama da bindiga, wanda ake nuna wa abu ya faɗi zafinsa ba tare da an taɓa ba.

Fluke 62 MAX irin wannan ma'auni ne, yana auna daga digiri 30 ƙasa da sifili zuwa 500 a ma'aunin Celsius, da batir AA guda ɗaya. An yi shi ya jure ƙura da feshin ruwa da faɗuwa daga tsayin mita 3, abin da ake buƙata ke nan a ɗakin inji. Amma ba na nutsarwa a ruwa ba ne.

Aikin farko da zai yi maka shi ne tantance gejin kansa. Inji na aiki, nuna shi a murfin tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗau zafi), daf da inda sensar da ke aika wa geji zafi take. Injin da ruwan waje ke ratsawa yawanci yana zama tsakanin digiri 60 da 70, don in ya wuce haka gishiri yana daskarewa a hanyoyin ruwa. Inji mai kulan kuma yakan kai 70 zuwa 85. In geji na ihu amma ma'auni ya nuna daidai, a duba sensa ko waya kafin a kwance komai.

In zafin na gaske ne, sai a bi ruwan. Murfin famfon impela ya kamata ya yi sanyi kusan kamar ruwan waje. Ya yi ɗumi sosai? To famfon na juyawa a bushe, a kashe inji nan take, domin robar ba ta ɗaukar lokaci take ƙonewa. Dalili ko dai bawul ɗin shigar ruwa a rufe yake, ko leda da ciyawa sun toshe matata, ko murfin matatar na shan iska. A tukunyar musayar zafi a auna tiyon shigar ruwan waje da na fitarsa. In ruwan waje ya fita da zafi ƙwarai, ruwan ne ya yi kaɗan, kuma sau da yawa fikafikan impela da suka karye ne suka maƙale a bakin ƙananan bututun da ke cikin tukunyar. In kuwa ya fita kusan yadda ya shiga alhali inji na tafasa, zafin ba ya isowa gare shi: tamostat ya ƙi buɗewa, ko bel ya saki, ko ƙanzo ya lulluɓe bututun. A inji mai siffar V, kwatanta gwiwar salansa ta dama da ta hagu. Wadda ta ɗara 'yar'uwarta zafi nesa ba kusa ba, tsatsa ta fara cike ta.

A lura da lokacin da zafin ke tashi. Wanda ke zuwa sai an ba da wuta ba zai bayyana a silo ba, dole wani ya tuƙa, wani ya auna, yana kiyaye hannu da riga daga bel.

Raunin na'urar ɗaya ne babba: ƙarfe mai ƙyalli yana yaudararta, ta nuna ƙasa da gaskiya sosai. Ana iya gyara saitinta, amma ya fi sauƙi a manna baƙin salatif a wurin, a bari ya ɗau zafi, a auna a kansa. Kuma jan ɗigon leza saiti ne kawai. Daga nisan santimita 30 tana karanta da'ira mai faɗin santimita 3, saboda haka a kan siririn tiyo sai an matso, in ba haka ba za ta haɗa da zafin abin da ke bayansa. Robar tiyo ma tana rage karatu, gara a auna bakin ƙarfen da tiyon ya hau. Ba ta ganin ciki: gaskit ɗin da ya ƙone ko murfin kulan da ya daina riƙe iska sai da gwajin matsi, kuma ba a buɗe murfin nan inji na da zafi.

Ga makanike, Fluke 62 MAX ya cancanci kuɗinsa saboda ƙarko. Mai jirgi ɗaya zai iya wadatuwa da mai araha, tunda bambanci tsakanin wuri da wuri ake nema. Ko wanne aka saya, a auna wuraren nan tun inji na lafiya a rubuta, a riƙa ajiye impela sabuwa da gaskit ɗinta a cikin jirgi. Samfurin 62 MAX+ yana kaiwa digiri 650 kuma yana da leza biyu masu nuna faɗin da'irar, wanda ya fi dacewa da ƙananan bututu.